Ni Na Buga Ƙarfen, Mijina Ya Ce Shi Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah ka ɓoye ni, sunayen da za ku ji ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, na haura saba'in da biyar a yadda ake lissafa mini, ban yi boko ba, ban iya waya ba. Wata nas da ke haya a maƙwabtanmu, mai zuwa auna mini hawan jini, ita ta ce akwai inda ake kai damuwa ba tare da an san mai ita ba, ita ce kuma take rubutawa ina faɗa. Sai da na sa ta rantse kafin mu fara. In kun ga zance ya karkace ku yi haƙuri, ina yi ina tsayawa saboda kuka.

Abin da ke gabana shi ne wani tsohon kaset da aka kawo mini, yau kwanansa tara a ɗakina. In ɗana da matarsa suka ji abin da ke cikinsa za su san ni ce sanadin mutuwar uban ita matar, ni ce kuma sanadin nakasar uban shi ɗan nawa. Shekara wajen hamsin ana ɗora wannan laifin a kan mijina, har shi ɗan nasa ba ya son a ambace shi. A gidansu nake zaune, ita ke yi mini wanka tunda ƙafafuna suka ƙi. Bari in ɗauko muku daga tushe.

Ni 'yar Gaya ce, 'yar maƙera. Babana bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ni na tashi ina ja masa zuga-zugi, wani lokaci ma in riƙe masaba in ya gaji. Kunnena ya saba da ƙarfe, ina daga cikin gida nake gane ko garma ake ƙerawa ko lauje. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan makaɗa ne a wani ƙauye kusa da Gafasa. Gidansu ke yi wa manoma kiɗan gayya, su ke kuma yi wa 'yan tauri. Wansa Yaya Ilu ne ya gaji ganga, shi kuwa goge ya ɗauka. Ranar da na fara ganinsa gyaran wuƙa ya kawo maƙerarmu, aka gama masa bai tafi ba, sai ya ciro gogensa ya zauna yana bin dukan masabar babana, a daka ya amsa, a daka ya amsa. Babana ya ce kai ɗan nan lafiyarka ƙalau kuwa, nan ba gidan biki ba ne. Ya ce Baba ai kai ma kiɗa kake yi, ba ka dai sani ba ne. Na yi dariya har na saki zuga-zugi wuta ta lafa, na sha ranƙwashi. Ba a shekara ba aka ɗaura mana aure, kafin yaƙin basasa ne, ana kashe fam da sule.

Da na tare na ga abin nasa ya wuce wasa. Mutum ne wanda hannunsa yake da daɗi, in ya yi gogen da aka sani har tsofaffi sai sun gyaɗa kai, amma ba shi yake so ba. Ba ya son waƙa, ba ya son kirari, ya ce ya gaji da gaya wa marowaci cewa shi mai kyauta ne. Abin da yake so ya ji goge ya haɗu da ƙarar abubuwan duniya. A bayan ɗakinmu ya tara tarkace, garwar kananzir da ta ɓule, tsohuwar garma, sarƙar keke, da wani dogon ƙarfe, sifirin na babbar mota, da ya tsinto a hanyar Wudil ya rataye a jikin aduwa. Rediyon maƙwabcinmu yake arowa ya murɗa ta inda babu tasha, tana shuuu kamar ruwan sama, ya bi ta da goge. Da aka kawo injin niƙa kasuwar Gaya sai ya tafi a ƙafa ya zauna a bayan rumfar, inji na tu-tu-tu, shi yana jan izga, wani lokaci ya sa gogen ya yi ƙara kamar akuyar da ake yankawa, sannan ya sauko da shi a hankali har ka ji tsigar jikinka ta tashi. Mutane suka ce iska ta taɓa shi. An jefe shi da ɓawon rake, an watsa masa ƙanzo, wata rana wani mahauci ya kwaɗe shi da ƙashin saniya a ƙeya ya dawo da jini a wuyan riga yana dariya.

Ni ban taɓa ce masa mahaukaci ba, don abin da yake ji nima ina ji. Shi ya ce in riƙa buga masa sifirin ɗin nan. In na gama aikin gida, ɗan farina yana goye a bayana, sai in ɗauki guntun rodi in tsaya a gindin aduwa, ina duka yana bi. Ba wanda ya sani sai katanga. Maƙwabta sun ɗauka shi ne ke yin duka biyun, yana ajiye wannan ya ɗauki wancan. Waɗannan shekarun su ne daɗin da na ji a duniya, ba zan ɓoye muku ba.

Yaya Ilu ne bai ɗauki abin da sauƙi ba. Ya ce ana yi masa gori a kasuwa, ana cewa gidan da ya yi wa kakanni kiɗa ya koma gidan 'yan gwangwani. Rikicin ya fashe a bikin wani mai gyaɗa a Gafasa. An ce maigidana ya wasa ango, ya fara kamar gaske, can sai ya jawo garwar da ake ɗibar wa baƙi ruwa ya taka ta da ƙafa yana goga izga a bakinta. Yara suka yi ta ihu don daɗi, dangin ango suka ce an wulaƙanta su. A gaban kowa Yaya Ilu ya fizge gogen ya rotsa masa shi a ka, ƙwaryar ta tarwatse, sannan ya bi shi da gular ganga har sai da ya karya masa haƙora biyu. A kan jaki aka kawo mini shi. Ina gasa masa fuska Yaya Ilu ya shigo har tsakar gida ya ce da ni, ke 'yar maƙera, ke kika kawo mana wannan tsiyar, a gidanku ne ake cin abinci da ƙarfe, mu fata muka gada, in kunnuwanki na ƙaiƙayi ki koma wa ubanki. Na ci gaba da gashin, wan miji ai babba ne. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, shekara biyu tana nan ba ta narke ba. Maigidana kuwa ko a jikinsa, ya warke ya samo fatar guza ya ɗaura wani gogen, yana cewa Yaya zafi ne da shi amma kunnensa babu irinsa.

Yanzu sai na gaya muku yadda kiɗan tauri yake, don yaran yanzu ba ku san shi ba. 'Yan tauri mazaje ne da suka sha magani don kada ƙarfe ya kama su. In an yi musu takensu, wato kiɗan da yake nasu, sai su tsumu, idonsu ya juye, su zaro wuƙaƙe suna gwadawa a jikinsu. Mutum in ya kai nan ba ya ganin kowa, kunne kawai yake bi. Aikin makaɗi biyu ne, ya tayar da su, in ya ga jini ya yi zafi ya sauya hannu ya kwantar da su. Shi ya sa dokar gidan mijina ce, in ana wasan tauri ba a buga komai kusa da fili, ko mace mai daka sai ta ajiye taɓarya. Na san wannan dokar kamar yadda na san sunana. Taken ma na haddace shi, tunda kullum ina jin Yaya Ilu yana koya wa 'ya'yansa ta bayan katanga.

Bayan yaƙi wani tsohon soja da muke kira Kofur ya dawo ya kafa injin niƙa a gefen kasuwar Ajingi. Shi ne mutum na farko da ya ji kiɗan maigidana bai yi dariya ba. Yana da rakoda mai ɗaukar magana a kaset, a lokacin abin kallo ce. Ya ce shi ya ji ƙarar bindiga har ta ishe shi, amma bai taɓa jin wanda ya mai da ƙara abin saurare ba sai wannan, don haka mu zo ranar kasuwa a tayar da inji a ɗauka. Bayan an canza kuɗi zuwa naira ne, shekarar da aka samu damina bayan fari. Maigidana ya ce ba zai yi ba sai da ni, don ba wanda ya iya masa ƙarfen. Muka ce wa mutane zan je duba gwaggona, na bar yaro wurin surukata, na lulluɓa, aka ɗora sifirin a jaki. Kofur ya kafa mini zana a bayan rumfar inji don kada a ga matar aure, ya rataye ƙarfen a ciki.

Sai da muka isa muka tarar ranar ce 'yan tauri ke wasan bayan kaka, na wajen Gaya da na wajen Ajingi, a filin da ke bayan 'yan awaki, jifa biyu daga rumfar. Yaya Ilu ne a kan ganga. Maigidana ya ce da Kofur a dakata sai an tashi. Kofur ya ce to, amma ga mata sun yi layi da ƙwaryar dawa, inji dai sai ya tashi, ƙarar inji ai kowa ya saba da ita. Aka tayar. Kofur ya danna rakodar wai yana gwadawa. Ni ina zaune a bayan zana cikin zafin azahar, rodi a hannuna, ina jin gangar Yaya Ilu tana tashi, mutane na yi masa guɗa, ana kiransa da kirarin gidansu. Sai maganar nan ta taso mini, 'yar maƙera, mu fata muka gada. Wallahi ba kisa na nufa ba. So nake kawai ya ji cewa abin da yake taƙama da shi mace ma za ta iya da tsohon ƙarfen mota. Na miƙe na buga taken tauri.

Ban san ƙarfen yana da murya haka ba sai ranar. A gida aduwa ke shanye ta, a nan kuwa rufin kwano ne, ƙarar ta tafi har ƙarshen kasuwa, ta haye kan ganga. Maigidana ya ce Kande bari. Ban bari ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Inji na bugawa a ƙasa, ni ina bisa, abin ya zauna daram yadda bai taɓa zama ba, sai na ji gogensa ya shigo. Shi ma ya kasa riƙe kansa. Ban san tsawon da muka yi ba. Daga baya aka ce a daidai lokacin ne Yaya Ilu ya ga idon mazajen ya rufe ya sauya hannu don ya kwantar da su, amma ba sa jin gangarsa, ni suke ji, ni kuma ina ta tayarwa. Ya doki gangar har fatar ta fashe.

Abin da ya tsayar da ni ihun mata ne. Na leƙa ta kafar zana na ga kasuwa tana gudu. 'Yan taurin sun bar gwada wuƙa a jikinsu sun koma kan juna, na Gaya da na Ajingi, da wuƙa da gora da gatari, duk wanda ya gifta nasa ne. Na ga mutum yana gudu yana riƙe da kunnensa a hannu. Na ga wani tsoho mai tallar igiya an tattake shi cikin awaki. Wanda maganinsa ya riƙe ya riƙe, wanda bai riƙe ba jini kamar an yanka rago. Wani saurayi mai suna Tanko, ɗan taurin Ajingi, ya taho yana tangaɗi ya faɗi a bakin rumfar, kusa da ni har ina jin numfashinsa, an farke shi daga nan zuwa nan, yana tura hanjinsa ciki da hannu yana kiran innarsa. A nan ya cika. Har yau ba a san wuƙar wa ta same shi ba. Matarsa na da cikin wata bakwai.

Da ƙura ta lafa sai aka fara tambayar wa ya buga ƙarfe. Jama'a suka yo kan rumfar. Maigidana ya zagayo bayan zana ya fizge rodin daga hannuna, ya tura ni cikin buhunan dusa, Kofur ya jefa mini wasu a kai. Abin da ya ce da ni kawai, ki tuna da yaro. Sannan ya fita da rodin a hannu ya ce shi ne. Ina kwance dusa na shiga mini hanci ina jin yadda ake dukansa. Sun yi da gora, sun yi da dutse, wani na cewa a kawo kananzir. Sai na ji muryar Yaya Ilu yana cewa ku ba ni shi, ɗan'uwana ne, ni zan hukunta shi. Ya sa aka danne masa hannaye a kan gindin inji, ya ɗauki ƙarfen da ake murɗawa a tayar da inji. Na ƙirga duka shida. Bayan na biyu maigidana bai ƙara yin ƙara ba. Yaya Ilu ya ce da mutane ga shi nan, ba zai sake taɓa abin kiɗa ba har ya mutu, wanda bai gamsu ba ya zo ta kaina. Haka suka watse kafin 'yan sanda su iso daga Gaya.

Ni ina da baki a lokacin. Buhu biyu ne kawai a kaina. Ban fito ba.

An kai shi Gaya, daga nan Kano, aka ɗaure shi shekara uku saboda tayar da fitina. A gaban alƙali ma ya ce shi ne. Mutane da yawa sun shaida cewa sun ji goge da ƙarfe tare, amma ba wanda ya tsaya ya ce yaya mutum ɗaya zai ja goge da hannu biyu kuma ya buga ƙarfe. An riga an saba cewa mahaukacin nan ne mai haɗa tarkace, magana ta ƙare. Kofur ya kwashe injinsa ya koma Wudil bai ce komai ba. Da aka sako maigidana yatsunsa sun ƙandare sun lanƙwashe ciki, ko loma ba ya iya yi, ni nake ba shi a baki. Na ce masa zan je wurin dagaci in faɗi gaskiya. Ya ce in kin je hannuna zai dawo ne, ko Tanko zai tashi, so kike yaro ya rasa mu duka biyu. Na ce to ka zage ni mana, ka dake ni ko da ƙafa ne. Ya ce ai nima na shiga, Kande, da na ajiye gogen da kin tsaya. Daga nan bai sake tayar da zancen ba. In mota ta wuce ko ana sara itace sai in ga kansa yana motsi kaɗan, sai ya lura ina kallonsa ya daina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron. Ya tashi ana kiransa ɗan mai ƙarfe, yara ba sa wasa da shi, kullum yana cikin dambe. Wata rana, yana da shekara goma sha ɗaya, ya fasa wa wani yaro kai da dutse, shi ma aka kumbura masa ido. Ya shigo gida ya tarar ina ba ubansa fura, ya tsaya a kansa ya ce da ma a gidan yari ka mutu da mun huta. Uban ya sunkuyar da kai. Ni ludayi na hannuna, ina kallo, ban buɗe baki ba. Kafin damina ta zagayo maigidana ya rasu, tari ne da ya taho da shi daga can. Ranar sadakar uku Yaya Ilu ya same ni ni kaɗai a gindin aduwa ya ce, hannun da ya buga ƙarfen nan ba na gidanmu ba ne, tun bugun farko na sani, dukan maƙera ne. Ya ce da ban karya wa mijinki hannu ba ƙone shi za su yi, ke kuma ki je ke da Allah. Shi ma ya rasu da daɗewa bai faɗa wa kowa ba.

Sai Allah ya yi ikonsa, ɗan nawa ya girma ya ga yarinya a Ajingi ya ce ita yake so. Saude, 'yar Tanko, cikin nan na wata bakwai. Danginta suka ƙi, aka yi ta kai kawo, daga ƙarshe wani kawunta ya ce mai laifi ya mutu, yaro ba shi ya yi ba. Ni da na ji na kwanta ciwo sati biyu, aka ce murna ce ta yi mini yawa. Yau sun haura shekara talatin tare a nan Gaya, 'ya'yansu maza huɗu, ko ɗaya bai sa wa sunan ubansa ba, na farkon sunan Tanko ya ci. Ba ya zuwa kabarin. In rediyo ta saki goge tashi yake ya kashe. Ita kuwa Saude ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Inna take ce mini, ita ke cuɗa mini baya, ita ke zubar mini da fo. Wani lokaci tana shafa mini man zafi a gwiwa sai ta ce, Inna ke ma ai an cuce ki, kin yi zaman aure da wahala. Sai in ce mata haka Allah ya so.

Kwana tara da suka wuce wani mutum mai furfura ya yi sallama, ya ce shi ɗan Kofur ne, ya nemi ganina ni kaɗai. Ya ce babansu ya rasu bara, suna kwashe kayansa suka ga kaset a ƙasan akwatin soja a naɗe cikin tsumma. Ya kai Kano aka juye masa a waya. Wasu samari masu haɗa kiɗa a kwamfuta suka ji, suka rikice, suka ce ba su taɓa sanin an yi irin wannan a ƙasar nan tun kafin a haife su ba, wai yanzu a duniya akwai masu neman irinsa, suna so su saka a intanet da sunan maigidana a san shi. Amma shi da ya saurara da kyau ya ji namiji yana kiran sunan mace sau biyu yana cewa ta bari, ya kuma ji goge da ƙarfe suna tafiya tare. Ya ce Inna ni ban zo tona asiri ba, ban ba su ba tukuna. Ga kaset ɗin, in kin ce a goge na waya zan goge a gabanki, in kin ce a saki zan saki. Jibi zai dawo jin amsa.

Na ce ya kunna mini. Ga abin da ban iya gaya wa kowa ba sai ku da ba ku san fuskata ba. Na ɗauka ihu zan ji, in ji tsoro. Ihun yana nan can ƙarshe. Amma kafin shi, jama'a, abin yana da daɗi. Na ji hannun mijina da rai, lafiyayye, yana hawa yana sauka a kan ƙarar inji, ban taɓa jin ya yi kamar ranar ba. Ina kuka ƙafata na bin bugun. A lokacin da ake farke uban Saude ni abin da nake ji ke nan, yanzu ma da na san komai shi na sake ji. Na yi istigfari har muryata ta dushe.

Tun ranar ba na iya cin abinci. Nas ta ce jinina ya hau sosai. In na sa aka goge, na mutu da rufin asirina, Saude ta yi mini wankan gawa tana kuka, ɗana ya yi mini addu'a, shi kuwa wanda ya ba da hannayensa saboda ni ya ci gaba da kwanciya ba mai zuwa kansa, kuma abu ɗaya da ya rage na aikinsa a duniya na kashe shi da bakina. In na faɗa, ɗana zai san wanda ya yi wa wannan maganar yana shan fura ba shi da laifi, kuma babu inda zai same shi ya nemi gafara, mutum ne mai zuciya, ina tsoron abin da zai yi wa kansa ko ya yi mini. Dangin Tanko suna nan a Ajingi, ƙannensa biyu na da rai, ban san ko za su ce 'yarsu ta fito ba. Saude kuma za ta san hannun da take wankewa kullum. Ba korar nake tsoro ba, in sun kai ni bakin titi na cancanta. Kallon da za ta yi mini nake tsoro.

Na tambayi wani malami a kaikaice, na ce wata ce, ya ce hakkin mamaci da hakkin marainiya ba sa faɗuwa da istigfari kawai, sai an nemi yafiya. Ƙanwata kuwa da na ɗan gutsura mata ta ce ke tsohuwar banza, kina da ƙafa ɗaya a kabari za ki rushe gidan jikokinki, ki ƙone shi ki yi shiru.

To 'ya'yana ga ni gabanku. In ƙone kaset ɗin ne in bar su da zaman lafiyar da aka gina a kan ƙaryata, ko in zaunar da su in faɗa? In faɗa ɗin ne, wa zan fara kira, ɗan da na bari ya tsani ubansa, ko yarinyar da na mayar marainiya tun tana ciki? Da bakina zan faɗa ko in bari su ji a kaset? Masu zagi ku zaga, ba za ku faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba, amma bayan zagin ku ba ni amsa, nas za ta karanta mini duka gobe da yamma. Mu tsaya nan, ga Saude can ta sauke ruwan wankana tana kirana. Allah ya jiƙan mijina, ya jiƙan Tanko. Ni ban san ko na isa in ce ku sa ni a addu'a ba.